Malama ta rasu, mu kuma muka tsaya musu

Yau sati uku ke nan da muka binne kakata wadda ta haifi mahaifiyata, kuma sai yau na iya zama na rubuta wani abu a kai, don duk sanda na ɗauko waya da niyyar rubutu sai na ji abin da zai fito zagi ne, ita kuwa da tana nan ba za ta yarda ba, kunnena za ta kama duk da furfurar da ta fara fito min. Kakata Kirista ce. Bahaushiya ce gaba da baya, Bakanuwa, ta haura tamanin a duniya, shekara 35 ta yi tana koyarwa a firamaren gwamnati a garin nan, yawanci aji ɗaya da aji biyu. Ni kuma Musulmi ne, a Musulunci aka haife ni, a dangin babana har limamin unguwa akwai. Na faɗa tun da wuri ne don na san halinmu, kafin a kai layi na uku an fara tambayar wai shi wannan ɗin ɗan wane ɓangare ne.

Ranar da ta rasu ɗan kawuna ya saka hotonta a Facebook da sanarwa, hoton da ta ɗauka da kayan Zumuntar Mata, ƙungiyar matan coci, ta kafa ɗauri ta sa tabarau. Ba a jima ba wani dattijo, ɗalibinta ne tun farkon fara aikinta, ya zo ya rubuta Allah ya jiƙan Malama. Shi ke nan fa. Wannan ya ce haramun ne, wancan ya ce ku kuka fi kowa sanin Allah, wani ya jawo aya wani ya jawo ashar, wani yaro da ko a cikin jikokinta ƙarami ne ya rubuta wai arniya ce ta tafi inda za ta, su ma 'yan coci suka shigo da tasu, wata ta ce yo dama wa ya nemi addu'arku. Na zauna na bi kwament ɗin nan ɗaya bayan ɗaya har wajen biyun dare ina neman wanda zai ce matar nan ta koya min kaza, ko ta taɓa yi min kaza. Da ƙyar na samu mutum uku. Shi kuma dattijon da ya fara, da safe na duba na ga ya goge nasa, bai sake cewa uffan ba.

Masu jiran na yi ɓaranɓarama su kwantar da hankalinsu. Ni ban ce Allah ya jiƙanta ba, kuma ba zan ce ba. Haka malamaina suka karantar da ni, ba a nema wa wanda ya mutu ba a kan Musulunci ba gafara, ayar tana nan cikin Suratut Tauba, ba na ja da wannan. Amma wallahi ba ƙaramin abu ba ne ka tsaya a kan gawar matar da ta goya ka bakinka ya kasa furta abin da ya saba furtawa, ku da ba ku da irin wannan a gida ku gode wa Allah. Ita kanta ta sani, ta taɓa ce min cikin wasan jika da kaka, Maigida in na mutu kar ka wahalar da kanka, addu'a ina da masu yi min, kai dai ka tabbata an ba baƙi abinci. To tunda ita ta sauƙaƙa mana, tambayata ɗaya ce, da aka hana mu addu'ar, an haɗa da godiya ne? An hana mu buɗe baki mu ce ta yi mana alheri? Don abin da na gani a kwanakin nan ke nan, an fake da hukunci guda ɗaya an haɗiye duk sauran abin da ke wuya, kuma mutum yana jin wai tsoron Allah ne ya sa shi shiru, alhali butulci ne kawai ya samu rawani.

A hannunta aka yaye ni kamar yadda aka saba kai ɗan fari wajen kaka, sai yayen ya zarce ya zama riƙo, ban koma gidanmu ba sai da na gama firamare. Dangin babana sun so tada ƙura, ita kuwa hannuna kawai ta kama ta kai ni wajen malamin allo na bayan layinmu a Birged ta ce Malam ga ɗan mutane nan, amana ce, a koya masa addinin ubansa. Duk Laraba ita ke kunto kuɗin Laraba daga bakin zaninta ta ba ni, ranar da na karkatar da su na sayi alewa kuwa na sha dukan da har yau ina tunawa. Da azumi ita ke tashi ta ɗumama min tuwon sahur tun ina yin na rabin rana, da yamma ta dama kunun tsamiya, in barci ya danne ni da asuba ta tsaya a kaina ta ce tashi malalaci, ladan ya gaji da kiranka. Ranar Lahadi ta ci ado ta ɗauki Littafi Mai Tsarki da littafin waƙoƙinta ta tafi coci ta bar ni wajen maƙwabta, ni ne ma nake nacin sai na bi ta don ina son jin matan nan suna buga tulu suna waƙa, ta ce a'a, ba da ni za a haɗa ka da ubanka ba. Kirsimeti kuwa, akuyar da ta yi watanni tana kiwo malamin allon nan take aika wa ya zo ya yanka don kowa a layin ya ci hankali kwance, mu yara mu yi ta zarya da kwanuka, shinkafa da miya da cincin, in Sallah ta zo kwanukan nan su dawo mata da tuwo da waina da naman layya har ta rasa inda za ta sa.

Kar ku ce don kakata ce nake ta wanke ta. Malama ta iya duka, wata rula ce da ita ta katako, bayan hannu take nema, ga ta da baki, in ta yi maka faɗa a gaban aji sai ka gwammace rular. Amma yaro ba ya barin ajinta bai iya haɗa baƙi da wasali ba ko da kuwa ajin ya cika har bakin ƙofa ana zaune a ƙasa, wanda ya kasa ta riƙe shi bayan an tashi ko ta ce ya biyo ta gida, tsakar gidanmu da yamma sai ka ce wata makarantar, kuma ko kwabo ba ta karɓa, abin nan da yanzu ake kira lesin ake biyan dubbai. Abin da ba ta yafewa kwata-kwata shi ne lanƙwasa. Ka rubuta baki inda ake nufin baƙi, ko kasa a wurin ƙasa, sai ta zagaye da jan biro ta ce au, a kan kasa kake zaune? To Allah ya kiyaye sara. Shi ya sa har yau ko a waya nake rubutu sai na danne harafi na nemo mai lanƙwasar, abokaina na ta min dariya.

Ita 'yar ƙauye ce daga kudancin Kano, iyayenta Maguzawa ne manoma. Turawan mishan sun daɗe suna son shiga ƙasar Kano, tun 1900 da Bishop Tugwell da Likita Miller suka iso Sarki Alu ya sallame su suka juya, Turawan mulki ma da suka ci garin a 1903 ba su bar su sun yi wa'azi a cikin birni ba. Sai a shekarun 1930 ƙungiyar mishan ta SIM ta samu ƙofa ta hanyar jinyar kutare, irin su Yadakunya, daga baya asibitin ido da kowa ya sani a garin nan, da 'yan ɗakunan shan magani a ƙauyuka, kuma duk inda suka kafa ɗakin magani sai an buɗe ajin karatu a gefe. Ta nan kakata ta samu boko a lokacin da 'ya mace a ƙauye ko a mafarki, ta yi makarantar horon malamai ta shigo birni aiki. Da Obasanjo ya ƙaddamar da UPE, shirin karatun firamare kyauta ga kowa, a 1976 aka kwaso yara aka zuba a makarantu ba isassun malamai, su wa suka riƙe azuzuwan? Mu faɗi gaskiya mana. Akwai namu, amma ba su isa ba. Irin su kakata ne, da mutanen kudancin Zariya da Filato, da Yarbawa da Ibo, da 'yan Gana kafin a kore su a 1983, ga 'yan bautar ƙasa. Duk ɗan Kano da ya haura hamsin kuma ya yi boko ya zauna ya lissafo malamansa, in bai samu Kirista a ciki ba ya zo ya ƙaryata ni. Kuma lokacin gida-gida suke bi da mai unguwa suna roƙon iyaye su bar yara mata su zo, ana bin su da waƙar tsokanar nan ta 'yan boko, ana rufe musu ƙofa a fuska.

Abin da ya fi ci min rai a kwament ɗin nan ma masu mamaki ne. Wai dama akwai Bahaushe Kirista? Wani ya ce ƙarya ne, sai dai in 'yar kudancin Kaduna ce ta iya Hausa. Kai jama'a. Littafi Mai Tsarki cikakke ya fito da Hausa tun 1932. Likita na farko ɗan Arewa, Dakta R.A.B. Dikko, Kirista ne mutumin Wusasa, kuma shi ne shugaban farko na Jam'iyyar Mutanen Arewa da ta rikiɗe ta zama NPC ta su Sardauna. Farfesa Ishaya Audu da ya riƙe jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975 fa? Je ka ƙauyukan Tudun Wada da Doguwa da Sumaila da Rogo ranar Lahadi ka ji ana waƙar coci da Hausar da ta fi tawa da taka tsabta. Amma mun mayar da su kamar babu su, in sun zo neman takardar shaidar ƙaramar hukuma a kalli sunan a kalle su a ce kai ɗan ina ne. Ɗan kawuna sai da ya yi wata da watanni yana zarya a wani ofishi a kan takardar nan alhali kabarin kakan kakansa yana ƙauyen, ni kuwa da muka haɗa kaka rana ɗaya na karɓi tawa.

Can ɗaya ɓangaren ma ba su tsira ba. A rikicin Oktoban 1991, wanda aka yi a kan zuwan mai wa'azin nan Bajamushe Reinhard Bonnke, tana dawowa daga makaranta ta faɗa hannun matasa ta wajen Sabon Gari, sun ga mayafi sun ji Hausa suka ce Bahaushiya ce a riƙe ta, sai da ta karanto musu Addu'ar Ubangiji da Turanci daga farko har ƙarshe kafin suka sake ta. Ba ta yi nisa ba ta sake faɗawa hannun namu da gorori da adduna, su kuma suka ce ta yi kalmar shahada. Tana tsaye sai ta gane ɗaya a cikinsu, ta kira sunansa da na ubansa ta ce kai ba kai ne ka maimaita aji biyu ba, wato abin da ka zama ke nan? Yaron ya sunkuyar da kai ya mayar da gorar bayansa ya ce Malama ina wuni, shi ya rako ta har ƙofar gida. Kullum da dariya take ba da labarin, wai rana ɗaya aka yi mata jarrabawa biyu, ta ci ɗaya, ɗayar kuma ɗalibinta ya ba ta satar amsa. Ni ban taɓa jin dariyar ba. Sai da na girma na lura duk sanda aka ce gari ba lafiya sai ta ɗauko wata 'yar jaka da ta haɗa takardunta a ciki ta ajiye kusa da ƙofa, haka ta yi a 2004, haka ta yi a 2012.

To mu dawo kan addinin tunda da shi aka fake. Ni ba malami ba ne, amma abin da zan faɗa ɗan Islamiyya ma ya san shi. Da Annabi (SAW) ya dawo daga Ɗa'ifa, Muɗ'im ɗan Adiyyu ne ya ba shi kariya ya shiga Makka, mutumin nan har ya mutu bai musulunta ba, amma bayan yaƙin Badar Annabi ya ce da Muɗ'im yana raye ya yi masa magana a kan fursunonin nan da ya sakar masa su. Yana cikin Bukhari. Mutum ya mutu a kan shirka, ba a manta alherinsa ba, kuma a gaban jama'a aka faɗa, ba a ɓoye ba. A cikin fursunonin Badar ɗin ma, waɗanda ba su da kuɗin fansa an ce kowa ya koya wa yaran Madina goma rubutu, wato cikin 'ya'yan sahabbai akwai waɗanda a hannun wanda ba Musulmi ba suka koyi riƙe alƙalami. Aya ta 8 a Suratul Mumtahana tana nan ba ta goge ba, Allah bai hana mu kyautata wa waɗanda ba su yaƙe mu ba kuma ba su fitar da mu daga gidajenmu ba. Ga hadisin nan da kowa ke jawowa in zai gode wa ɗan siyasa ya yi musu kwalbati, wanda bai gode wa mutane ba bai gode wa Allah ba, ni dai ban ga inda aka ce mutane Musulmi kaɗai ba. Ka je ka ce ya haƙuri, Allah ya ba ku dangana, ta yi mana aiki, me ya yi zafi shi ba wuta ba?

Na san abin da wasu za su ce don an faɗa min ido da ido a wajen zaman makoki. Wai in muka fara yabon irin waɗannan yara za su ɗauka duk ɗaya ne, kuma ai mishan ba banza suka kawo makaranta da asibiti ba, farautar mutane suke. Maganar farautar gaskiya ce, su ma ba su ɓoye ba wa'azi ne ya kawo su, iyayen kakata ma ta nan aka same su, kuma da namu malaman sun shiga ƙauyukan nan da allo da magani maimakon kiran su arna daga nesa wataƙila da labarin ya sha bamban. Amma kakata ba mishan ba ce, albashin gwamnati take ci, 'ya'yan Musulmi ta koyar duk rayuwarta, in lokacin darasin addini ya yi ta tattara littattafanta ta ba malamin Arabiyya wuri, a kawo min yaro ɗaya da ta mayar Kirista. In ma asara ake lissafi ita ce ta yi, 'yarta ta fari ta musulunta ta auri babana, kuma ba zan ɓoye ba abin ya yi mata ciwo, an ce kusan shekara biyu ba ta taka gidanmu ba, haihuwata ce ta sasanta su. Imanin da yabon tsohuwar malamar firamare zai girgiza, dama can bai kafu ba.

Su ma 'yan'uwanmu na coci ina da magana da su. Ranar jana'iza mun zo da yawa, mahaifiyata da ƙannena da hijabansu, muka zauna daga waje ƙarƙashin rumfa, amma kallon da wasu suka bi mu da shi sai ka ce ƙwatar gawa muka zo, mai wa'azin kuma bai ga ranar yin habaici a kan 'ya'yan da suka bar hanya ba sai ranar da uwa ke kwance a akwati 'yar tana kuka a waje. Matan Zumunta ne suka wanke abin, tsofaffin ƙawayenta, suka fito suka rungume mahaifiyata suna kiran ta da sunan yarinta, suka ware mana abincinmu suka ce ku ci, mahauci ne ya yanka.

Abin da ke ba ni tsoro, yaron nan da ya rubuta arniya ba lallai mugu ba ne, wataƙila tunda aka haife shi bai taɓa cin abinci kwano ɗaya da Kirista ba. Bayan 1991 da 2004 kowa ya tattara ya koma cikin nasa, layinmu da a da kwanon Sallah da na Kirsimeti ke karo a hanya yanzu an tace shi, wasu sun koma Sabon Gari da Badawa, wasu sun bar garin gaba ɗaya. Makarantun ma an raba, mai hali ya kai ɗansa ta kuɗi, wannan mai haɗe da Islamiyya wancan ta coci, ta gwamnati an bar wa wanda ba shi da yadda zai yi. Ɗana yana aji shida bai taɓa samun malami Kirista ba, Kiristar da ya sani a duniya kakar babansa ce kawai, ita ma ga shi ta tafi. In mu da muka ga wancan zamanin muka ja bakinmu saboda tsoron kwament, wa zai gaya musu an taɓa yi?

Kuma ko an cire addini a gefe, ku dubi yadda muke yi da malaman firamare gaba ɗaya. Ku zaga garin nan ku karanta allunan makarantu, sarakuna ne da gwamnoni da attajirai, wasu sun cancanta ban musa ba, Malam Aminu Kano ma ai malamin makaranta ne kafin siyasa, amma siyasar ce ta sa ake ambatonsa ba allin ba. Ina makarantar da aka sa wa sunan matar da ta shekara talatin tana share majinar 'yan aji ɗaya, Musulma ko Kirista? Ko bulo ɗaya na azuzuwa? Da ta tsufa ni nake kai ta tantancewar 'yan fansho a adaidaita, ta wuni a layi da sandarta don ta tabbatar wa wani yaro da ke bayan tebur cewa ba ta mutu ba, wani zuwan ma babba a wurin ɗalibinta ne, ya leƙo ya gan ta ya koma ciki. Duk 5 ga Oktoba a taru a yi jawabin ranar malamai a sha lemo a watse. Ni da za a ji tawa, ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai da suka cika WhatsApp suna karo-karon walima su ware rana ɗaya su nemo malamansu na aji ɗaya da suka rage da rai, a je musu da ɗan abin hannu a zauna a ɗauki muryarsu a waya suna ba da labari, don duk shekara raguwa suke.

A al'adarsu in an yi rasuwa ana ajiye babban littafi a kan tebur kusa da hoton mamaci, duk wanda ya zo gaisuwa ya rubuta sunansa da abin da ke ransa. Rana ta huɗu da yamma mutane sun fara raguwa sai ga wata mota ta tsaya can nesa da gidan, wani Alhaji ya fito da babbar riga ya ƙaraso a ƙafa yana waige-waige. Na gane fuskar, dattijon nan ne da ya goge rubutunsa, ashe ɗan kasuwa ne a Kwari. Ya durƙusa ya gaida kawu ya gaida mahaifiyata, ya ce ya haƙuri, aka ce da godiya, sai ya yi shiru ya rasa abin da zai ƙara. Yaronsa ya shigo da buhun shinkafa da jarkar mai ya ajiye. Da zai tafi kawu ya miƙa masa biro, ya tsaya a kan littafin nan ya fi minti biyar, ya cire tabarau ya goge ya mayar, sannan ya rubuta ya fita da sauri ko rakiya bai jira ba. Na je na duba. Sunansa ne da na mahaifinsa, sai aji 1B, sai layi ɗaya a ƙasa, ita ta koya min rubuta wannan sunan, ina baƙin ciki. Na kira mahaifiyata na nuna mata, ta daɗe tana kallo, sai ta ɗora yatsa a kan kalmar baƙin ta ce ka ga, ya sa lanƙwasar.